Totuwar Baffa

Ranar da muka binne Baffa, ƙanin mahaifina, ƙauyenmu bai taɓa ganin abin hawa kamar na ranar ba. Mu gonakinmu a jikin gidaje suke, ga damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, don haka babu wurin ajiye mota sai filin idi da gefen hanya. Direbobin bas na hanyar Minjibir sun zo. Masu injin niƙa sun zo, da masu injin ban-ruwa na fadama, har da waɗanda ban san fuskarsu ba. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, mu ce da godiya, sai ya gyara zama ya kawo nasa labarin.

Wani direba ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da zai gaya maka ciwon motarka yana zaune a kan tabarma ba sai Baffa. Mai injin niƙa na unguwar gabas ya kasa magana, hawaye kawai yake sharewa da hannun riga. Daga cikin gida kuma muna jiyo muryar Gwaggo, ƙanwarsu, tana cewa yau wa zai kai matan ƙauyen nan asibiti.

Can da la'asar sai aminin Baffa, wanda suka tashi tare tun suna kiwon awaki, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, tsufa ba ta da kirki. Mutumin da babu injin da ya taɓa gagararsa, amma a ƙarshe tasa motar ta gagare shi. Ido ya tafi, kunne ya bi bayansa."

Jama'a suka gyaɗa kai, aka ce haka rayuwa take. Ina zaune kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa, na sunkuyar da kai ban ce uffan ba. Mutum biyu ne a duniya suka san maganar nan ba gaskiya ba ce. Ɗaya ita ce Inna, matar Baffa, tana ɗaki ta shiga takaba. Ɗayan ni ne, kuma ni na jawo aka faɗe ta. Kunnen Baffa bai mutu ba sai ranar da shi kansa ya mutu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Baffa ba bakanike ba ne. Manomi ne kamar kowa a nan, gero da dawa da gyaɗa, da ɗan wake a tsakanin kunya. Da ƙuruciya ya ja babbar mota na wasu shekaru, da ya gaji da hanya ya dawo gida da wata a-kori-kura fara, wadda tun a lokacin ba yarinya ba ce. Ita ce motar ƙauyenmu. Ita ke kai gyaɗa kasuwa, ita ke ɗebo taki, ita ke kai gara. In ciwo ya kama wani ko naƙuda ta zo da gardama, ƙofar Baffa ake bugawa, kuma ban taɓa jin ya tambayi mai ciwo wani abu ba bayan "Ina ne ke maka ciwo?" In aka matsa masa da godiya sai ya ce a yi wa motar addu'a, ita ta yi aikin.

Iliminsa na inji gajere ne in za ka rubuta shi, bai cika shafi ba. Yakan ce abu uku inji ke nema, mai da iska da wuta, duk motar da ta tashi ta mutu to ɗaya daga cikin ukun nan aka hana ta. Sannan yana da tambaya ɗaya da ba ya taɓa sifana sai ya yi ta: "Me aka yi mata na ƙarshe?" A wajensa mota ba ta kwana lafiya ta tashi da ciwo haka kawai, sai dai in wani ya taɓa wani abu ya manta, ko ya ƙi faɗa.

Na taɓa ganin wani direban bas ya tsaya a ƙofar gidanmu da safe, motarsa tana fizga tana tari, fasinjoji na ta mita. Baffa yana shan koko a dakali, ko tashi bai yi ba. Ya ɗan karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Jiya ka wanke inji?"

Direban ya ce, "Wallahi na wanke, Baba, a bakin rafi."

"To buɗe inda wayoyin fulogi ke haɗuwa ka goge, ka bar shi ya sha rana kamar minti biyar. Tsabta ce ta yi mata yawa."

Haka aka yi, bas ta tashi lafiya lau. Baffa ya ci gaba da shan kokonsa, amma na ga yadda gemunsa ke motsi, dariya yake dannewa. Ba zan ɓoye ba, yana son a yabe shi a kan wannan. Bai tara dukiya ba, bai yi zurfi a karatu ba, kuma ya sani. Kunnen nan shi ne abin da yake taƙama da shi a cikin maza.

Rigimarsa da Inna ma a kan motar take. Man da ake sayarwa a galan a bakin hanya ba ya rasa datti, shi kuma Baffa ba ya zuba mai sai ya tace, kuma ya rantse babu abin da ke tace fetur kamar ɗankwalin atamfa da ya sha wanki. Sai ya faki idonta ya zare ɗaya daga igiyar shanya. Wata rana ta fito har zaure tana riƙe da ɗankwalin da yatsa biyu.

"Malam, don girman Allah, wannan wace irin rayuwa ce? Jiya a gidan suna mata sai matsawa suke daga kusa da ni, wai kar in je kusa da murhu in kama da wuta!"

Ya ce, "Ai gata na yi miki, sauro ba zai kusance ki ba."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Rana ta uku ta ware masa tsoho guda ɗaya ta ce nasa ne har abada, in ya ƙara taɓa wani za ta kai ƙara wajen Liman. Ɗankwalin yana nan a bayan kujerar motar har yau.

Sai kuma totuwa. Murfin tankin mai na motar ya faɗi a hanyar kasuwa tun ina ƙarami, Baffa bai sayi wani ba. Totuwar masara ya samu ya toshe bakin tankin da ita, in damina ta zo ya kifa mata gwangwanin madara saboda ruwa. Kowace kaka, in mata sun gama ɓare masara, sai ya sa a kawo masa totuwar a faifai, ya zauna yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya juya ta, ya murza ta a tafin hannu, ya ajiye, har ya samu wadda ta yi masa. Mutane na yi masa tsiya, suna cewa motar Malam da masara take tafiya. Shi dai ya ce, "Ku bar ta, ta san aikinta." Shekara da shekaru ina kallonsa yana wannan zaɓe, ban taɓa durƙusawa na tambaye shi abin da yake nema ba. A ganina tsumulmula ce ta tsofaffi.

Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, Baffa ne ya riƙe ni, shi ya tsaya har na zama malamin makaranta a Minjibir. Malamin boko yake kirana in yana son tsokana, ɗana kuma in magana ta yi nauyi. Da yanar ido ta rufe masa gani, bayan kakar bara, ya kira ni zaure ya laluba ya danƙa mini makullin. Ya ce, "Ɗana, ba kyauta na ba ka ba, aiki na ba ka. Duk wanda ya buga ƙofa a kai shi." Na tafi da motar gidana na Minjibir, ina zuwa ƙauye ranar kasuwa da ƙarshen mako, ko in an kira ni a waya.

A makaranta ne aka fara yi mini dariya. Abokan aikina suka zagaye motar suna nuna totuwar, ɗaya ya ce, "Malam, in yunwa ta kama ka a hanya ai ba ka da matsala." Na yi dariyar yaƙe, amma abin ya ci mini rai. Da na shiga Kano na je wajen masu kayan gyara na sayi murfi sabo, mai ƙyalli, mai makulli, da roba a ciki da ke kama bakin tanki gam. Na zare totuwar Baffa na wurga ta a kwata. Har hoto na ɗauka.

Ba a yi mako ba motar ta fara. Da safe bugu ɗaya za ta tashi, ta yi ta aiki a tsaye kamar agogo. In aka hau hanya sai ta yi tafiya mai ɗan nisa, sannan ta fara shaƙewa, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta fizga sau biyu ta mutu. Akwai wata tsamiya a tsakanin ƙauyenmu da Minjibir, yawanci a kusa da ita abin ke faruwa, wani lokaci kafin a kai, wani lokaci an ɗan gota. Agogon mai na motar ya daɗe da mutuwa, da kara muke aunawa. To in ta mutu nakan buɗe tanki in zura kara, in ga mai na nan, in rufe, in buga, sai ta tashi. Duk sanda na buɗe murfin nakan ji ya yi wata ƙara, fuuu, kamar an buɗe kwalbar lemo. Wallahi daɗi nake ji, ina cewa ka ga murfin kirki, ko iska ba ta shiga. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na kai wa Baffa ƙara. Ya sa na tayar da ita a ƙofar gida, ya dafa bonet ya saurara, ya ce inji lafiyarsa ƙalau. Sannan ya yi tambayarsa.

"Me aka yi mata na ƙarshe?"

Na ce, "Babu komai, Baffa."

A lokacin ban ɗauki murfi a bakin komai ba, don haka ban ji na yi ƙarya ba. Ya ce in wanke kafireta, na wanke. Ya ce in duba matatar mai, na canza sabuwa. Ba ta daina ba. Bayan sati biyu na dawo na zauna kusa da shi a dakali, ya ce in ba shi labarin mutuwar tata daki-daki, kar in tsallake komai. Ina cikin bayani na ce abin mamaki, in na cika tanki ta fi saurin mutuwa. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. In tanki ya cika ta fi saurin mutuwa?"

"Ƙwarai kuwa."

Ya ɗaga idanun nan farare sama. Sannan ya ce, "Totuwar tana nan?"

Na san abin da na amsa, kuma na san dalili. Na ji tsoron ya ce na raina masa kaya, na ji kunyar in ce an yi mini dariya na kasa jurewa. A zuciyata kuma na ce tsoho dai kewar totuwarsa yake, in ba haka ba me ya haɗa murfi da mutuwar inji? Na ce, "Tana nan, Baffa."

Ya ce, "To shi ke nan, ba nan ba ne."

A zaune, ba ido, daga jimla ɗaya ya kama ɓarawon, ni na buɗe masa ƙofa ya gudu. Tankin irin waɗannan tsofaffin motoci ta murfi yake shaƙar iska. In mai na fita iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe man, famfo ya ja ya ja ya gaji. Totuwa kuwa jikinta duk ramuka ne, iska na bi ta gefenta. Wannan shi ne aikin da ya ce ta sani. Duk wannan daga baya na gane.

Tunda na toshe masa hanyar gaskiya, sai ya shiga lalube. Ya ce tiyon mai, aka canza. Ya ce famfon mai, aka canza. Ya ce wataƙila kwayil ne ke ɗaukar zafi, aka sa wani. Kowane gyara a gaban jama'a ake yin sa, a ƙofar gida, kuma kowanne in ya faɗi ƙasa sai labari ya zaga. Na kai ta gareji biyu a birni, su ma a tsaye suke jin ta, su ga lafiya lau, su ɗaure wani abu su ce in tafi. Amma ba wanda ya ce bakaniken birni ya gaza. Baffa aka ce ya gaza.

Akwai ranar da ba na son tunawa. Da rana tsaka ce, a bazara. Na gama kashe inji, sai Baffa ya miƙe ya dafa ƙofar motar, ya fara bin jikinta da tafin hannu yana tafiya a hankali zuwa baya, yana shafa ta yadda ake shafa dabbar da aka daɗe ba a gani ba. Saura kamar taku biyu hannunsa ya kai bakin tanki. Na yi wuf na kama hannun. Na ce, "Baffa, ƙarfen ya yi zafi, zo ka zauna a inuwa." Ya biyo ni ba musu, har yana sa mini albarka.

Da ruwa ya sauka, naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Aka kira ni, na cika tanki fal don kar a samu matsala, muka ɗauke ta. Ko tsamiya ba mu kai ba motar ta mutu. Da yake na san yanzu na zuba mai, ban ko kalli tanki ba. Na buɗe bonet ina ta kwance-kwance, ina zuƙar tiyo da baki, matar na salati a baya. Da ƙyar aka kai ta wani gida a bakin hanya, a nan ta haihu a hannun tsohuwar gidan. Allah ya tsare, ita da jaririyar suka rayu, amma ta daɗe tana jinya.

Washegari a majalisa maƙwabcin ya faɗi maganganu masu zafi, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Baffa ya saurara har ya gama. Sannan ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Malamin boko, gobe ka ɗauke ni mu hau hanya tare. A tsaye take ɓoye mini. In na ji ta a lokacin da take mutuwa zan gane."

Raina a ɓace yake, ga kunya, ga idon mutane. Na ce, "Baffa, duk abin da ka ce a yi an yi. Motar nan ta tsufa ne kawai. Kai ma ka huta haka nan, abin ya wuce jin kunne."

Wani ya yi gyaran murya. Baffa ya lalubo sandarsa ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya shiga gida.

Daga ranar bai ƙara zama a dakali da safe ba. Masu injin ban-ruwa suka koma kai wa wani a garin gaba. In bas ta wuce tana tari, Inna ta ce yakan ɗaga kai daga kan gado, bakinsa ya motsa, sai kuma ya koma ya kwanta. Na ci gaba da zuwa gaishe shi, yana amsawa da fara'a, yana tambayar yara, amma bai ƙara tambayata motar ba. Ni kuma na ji sauƙin hakan, Allah ya yafe mini.

Ciwon ajalinsa da hantsi ya tashi, lokacin ana cin sabuwar masara. Ƙirji ya riƙe, numfashi na fita da ƙyar. Ranar ina ƙauye, babu wata mota a kusa, dole muka shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurar muka kwantar da shi, Inna ta zauna ta tallafe kansa. Ina tuƙi ina addu'a. Muna isa tsamiya ta shaƙe, ta fizga, ta mutu.

Inna ta ce, "Innalillahi! Ko mai ne ya ƙare?"

A gaggauce na fito ban auna ba, don haka na zagaya baya da kara a hannu. Bakin tankin yana daidai inda kan Baffa yake. Na sa makulli na murɗa, murfin ya yi ƙararsa, fuuu.

Baffa ya buɗe ido.

"Tanki ne ya ja iska," in ji shi. Muryar a shaƙe take amma babu shakka a cikinta. "Kuma na ji makulli. Miƙo mini abin da ke hannunka."

Na ɗora masa murfin a tafin hannu. Ya juya shi, ya bi robar da babban yatsa, ya laluba sama da ƙasa yana neman huda, bai samu ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan kaka, Baffa."

Na san lissafin watannin yake, da tambayar da ya yi mini a dakali, da ranar da na kama masa hannu. Na tsaya ina jiran abin da zai ce. Sai na ga gemun ya fara motsi. Dariya yake, tari na katse ta.

Ya ce da Inna, "Ke, kin ji? Ashe daidai na ji tun farko. Kunnena na nan."

Inna ba ta san tanki ba, ba ta san famfo ba, amma ta kalle ni kallon da ya nuna ta gane komai. Wani manomi yana gasa masara a bakin gonarsa kusa da tsamiyar, Baffa ya ji ƙamshin ya ce in je in roƙo totuwa. Mutumin ya ba ni wadda ya gama ci yanzu, da ɗuminta. Na toshe bakin tankin, na buga, ta tashi. Daga nan har ƙofar asibiti ko tari ba ta yi ba, ni kuwa da ƙyar nake ganin hanya saboda hawaye.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Likita ya ce tsayuwarmu a hanya ba ita ta jawo ba, zuciyar ce ta gaji. Na karɓi wannan, amma ba shi ne abin da ke damuna ba. Rana ta uku da yamma, Inna ta fita alwala, na durƙusa a gefen gadon na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tun a gindin tsamiya na yafe. Sayen murfi ba laifi ba ne, ɗana, kowa na son abinsa ya yi kyau. Amma da ka ce mini ka canza, da kafin koko ya huce mun gama." Ya huta, sannan ya ƙara da cewa, "Kar ka yar da shi, murfi ne mai kyau. Ka samu ƙaramar ƙusa ka huda shi a tsakiya, zai yi aiki."

Wato yana kan gadon mutuwa yana nema wa murfina mafita. Bai ce in je in wanke sunansa a wajen mutane ba. Da ya ce, da ya fi mini sauƙi.

Motar ce ta dawo da gawarsa gida, ba ta tsaya ko'ina ba. Ga shi kuma na zauna a zaman makoki amininsa ya faɗi abin da ya faɗa, na sake ɓoye gaskiya. Kwana shida maganar na cina. Ranar addu'ar bakwai, bayan Liman ya shafa, kafin jama'a su watse, na miƙe na ciro murfin daga aljihu. Na faɗi komai, tun daga dariyar abokan aikina har zuwa tsamiya. Na juya wajen maƙwabcinmu na ce wahalar da matarsa ta sha a wuyana take, ba a wuyan Baffa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Aminin Baffa ya karɓi murfin yana jujjuya shi. Ya ce, "Ka ce daga zaune ya gano?"

Na ce, "Daga zaune, Baba. Tun watan farko."

Tsohon ya rufe fuska da babbar riga. Da ya buɗe sai ya ce, "Ni ma da bakina na ce kunnensa ya mutu. Kai ka yi ƙarya, mu kuma muka yi saurin yarda." Sannan ya juya wajen direbobin ya ce duk wanda ya ji maganar farko daga bakinsa ya taimaka ya kai ta biyun inda ta farkon ta je. Ni ma abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ke nan. Sai dai shi wanda ya kamata ya zauna a dakali ya ji ana faɗa, gemunsa na motsi, yana ƙarƙashin ƙasa.

Ban huda murfin ba har yanzu. Na ɗauki ƙusa sau biyu na ajiye. Totuwar manomin nan ce a bakin tankin, ta bushe ta fara sakwarkwacewa. Makon jiya aka gama ɓare masarar gidanmu, ina zaune a zaure sai ga faifai an turo daga cikin gida, cike da totuwa. Inna ta yi magana daga bayan ƙyaure, don ba ta fita tukuna.

"Ga shi nan ka zaɓa, lokacin canzawa ya yi. Ni ban san yadda yake zaɓa ba, amma kai ai ka sha zama kusa da shi."

Na ɗauki ɗaya na juya ta, na murza a tafin hannu yadda na ga yana yi, na ajiye. Na ɗauki wata. Duk iri ɗaya suke a wajena. Har aka kira la'asar ina zaune da faifan a gabana, ban san abin da nake nema ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da ganinsa a gidan da ba a tsufa. Marasa lafiyar da ya ɗauka ba tare da ya tambaye su komai ba, Allah ya sa su zame masa shaida. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon amsa gaskiya tun mai tambayar yana da rai.